Corolla LE ko "Sport": Abin da ya kamata mai sayen mota a Minna ya sani kafin ya biya kuɗi

A wuraren sayar da motoci da ke bakin titi a Minna, daga Tunga har zuwa Chanchaga, ba abin mamaki ba ne a ga Toyota Corolla biyu a jere, shekararsu ɗaya, launinsu ma wani lokaci ɗaya, amma farashinsu ya sha bamban. Ɗaya tana ɗauke da haruffan LE a bayanta. Ɗayar kuwa harafin S ne a jikinta, ga fiffike a kan but, ga bamba mai leɓe da ya sauko ƙasa, ga fitilun hazo. Ita ce dillalai ke kira "Sport", kuma a mafi yawan lokuta ita ce ta fi tsada.

Ga ma'aikacin da ke zaune a yankin Tagwai, wanda ya shekara da shekaru yana adashe ko ya karɓi rance daga ƙungiyar gama kai ta ma'aikatarsu, wannan zaɓi ba ƙaramin al'amari ba ne. Motar da zai saya ita ce za ta kai yara makaranta, ta kai shi ofis, ta ɗauko buhunan doya da masara daga ƙauye, ta kuma bi hanyar Suleja duk lokacin da wata buƙata ta taso a Abuja. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a shekarar 2024, kuma da yake da farashin dala ake lissafin kuɗin fito na kwastan, motocin da ake shigowa da su sun yi tsadar da ba a saba gani ba. Wanda ya yi kuskuren zaɓi a yau ba lallai ne ya samu damar gyara shi nan kusa ba.

Motoci uku ne, ba biyu ba

Mafi yawan ƙananan motocin Toyota da Honda da ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, ƙirar kasuwar Amurka ce da Kanada, don haka bayanan da ke tafe sun shafi wannan ƙirar ne. Waɗanda aka ƙera domin Turai ko Gabas ta Tsakiya suna da nasu tsarin sunaye da injuna.

Abu na farko da ke rikita masu saye shi ne, kalmar "Sport" tana rufe abubuwa biyu mabambanta. A Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008, nau'ukan CE da LE da S duk inji ɗaya gare su: mai lita 1.8 da ake kira 1ZZ-FE, wanda ke ba da ƙarfin doki kimanin 130. A ta 2009 zuwa 2013 ma haka abin yake, LE da S suna amfani da injin 2ZR-FE mai lita 1.8 da ƙarfin doki 132. Ta 2014 zuwa 2016 ba ta sauya zani ba. Ma'ana, a cikin waɗannan shekaru goma sha huɗu, wanda ya sayi Corolla S ya sayi kwalliya ne: fiffike, bamba, sitiyari mai fata, kujeru masu wani ɗinki na daban, da ƙafafu masu ɗan girma a wasu shekarun. Idan aka tsayar da ita kusa da LE aka taka totur tare, babu wadda za ta bar 'yar'uwarta a baya.

Ta ukun, wadda ita ce mai ƙarfin gaske, sunanta XRS, kuma ba kasafai ake cin karo da ita a kasuwannin Arewa ba. Toyota ta fitar da ita sau biyu a Amurka. Ta farko, ta 2005 da 2006, tana da inji mai lita 1.8 da ake kira 2ZZ-GE, wanda aka ƙera tare da kamfanin Yamaha, mai ƙarfin doki 170 a shekarar farko. Giyar hannu ce kaɗai gare ta, mai hawa shida, kuma an ɗan sauke jikinta ƙasa. Ta biyu, ta 2009 da 2010, an ɗora mata injin Camry ne mai lita 2.4, wato 2AZ-FE, mai ƙarfin doki 158.

A ɓangaren Honda kuwa babu wannan ruɗani sosai. Civic ta 2006 zuwa 2011 tana da inji mai lita 1.8 da ƙarfin doki 140, yayin da Civic Si ke da mai lita 2.0 da ƙarfin doki 197, kuma da giyar hannu kawai aka sayar da ita. Duk wanda aka nuna wa Civic mai tambarin Si da giyar otomatik, to ya san an taɓa motar, ko dai tambarin ne aka manna ko kuma an sauya mata kayan ciki.

Sai a ƙirar 2020 ne harafin ya fara nufin wani abu a ƙarƙashin bonet ɗin Corolla. A wannan shekara LE ta zo da inji mai lita 1.8 da ƙarfin doki 139, SE da XSE kuma suka zo da mai lita 2.0 da ƙarfin doki 169. Daga ƙirar 2023 aka mayar da LE ita ma kan injin lita 2.0, bambancin ya sake komawa ga ado da ƙafafu.

Taya da ramukan hanya

Wurin da bambancin ya fi fitowa fili a Minna shi ne taya, kuma shi ne wurin da masu saye suka fi yin sakaci. A jikin kowace taya akwai lambobi uku. Corolla LE ta 2009 tana zuwa da 195/65 R15. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso na wannan faɗi, ta uku kuma girman wili a inci. Idan aka yi lissafi, robar da ke tsakanin wili da ƙasa a wannan taya ta kai kusan milimita 127. A Corolla S mai 205/55 R16 ta sauko zuwa 113. A XRS mai 215/45 R17 ta koma 97, a SE ta 2020 mai 225/40 R18 kuwa milimita 90 ce kacal.

Wannan roba da iskar da ke cikinta su ne farkon abin da ke karɓar duka idan mota ta faɗa rami. Siririyar taya tana sa mota ta riƙe kwalta da kyau a kwana, sitiyari ya riƙa amsawa nan take, shi ya sa injiniyoyi ke zaɓenta ga motocin gudu. Amma an yi wannan lissafi ne domin hanya mai sumul. A hanyar da kwalta ta fashe, bakin rami yakan matse siririyar taya a jikin wili, gefenta ya kumbura ko ya tsage, wilin alminiyam kuma ya lanƙwashe ko ya fashe. Mai faci yana iya toshe hudar ƙusa, amma tayar da gefenta ya kumbura ta gama aiki, kuma ci gaba da tafiya da ita a zafin watan Maris na Minna kasada ce da rai. Wilin ƙarfe mai inci 15 idan ya lanƙwashe ana buga shi ya miƙe. Na alminiyam da ya tsage, ko an yi masa walda, ba ya komawa yadda yake.

Mazauna yankin Tagwai sun san irin hanyar da suke bi. Madatsar ruwan da aka gina a nan a shekarar 1978 domin bai wa Minna ruwan sha tana bayan gari ne, kuma kamar sauran unguwannin da suka faɗaɗa a gefen birnin, da zarar an sauka daga babban titi sai a shiga layukan burji da na jar ƙasa. Damina a Minna tana kamawa daga Afrilu har zuwa Oktoba, ruwa yana zaizaye layuka ya bar kwazazzabai da duwatsu. A irin wannan wuri leɓen bambar Corolla S da allunan da aka ƙara a gefen ƙofofinta su ne ke fara gogar ƙasa. Haka abin yake a kan tudun rage gudu da al'ummomi ke ginawa da kansu a garuruwan da ke kan hanyar Paiko da Lambata, waɗanda ba su da ma'auni ɗaya. Shi ya sa ake yawan ganin "Sport" da bamba ɗaure da waya, ko kuma an cire leɓen gaba ɗaya an ajiye a gida, wato mai ita ya biya kuɗin abin da daga baya ya cire da hannunsa.

Wasu kan kai motar wurin bakanike a ɗaga ta, ta hanyar cusa roba ko ƙarfe a saman shoka. Dabarar tana ƙara tazara tsakanin mota da ƙasa, amma tana sauya yadda ƙafafun ke zaune, ta sa taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, ta kuma rage wannan riƙon hanya da aka sayi motar dominsa tun farko.

Lissafin mai

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da dama cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a sassa da yawa na ƙasar. Tun daga lokacin, shan mai ya zama tambayar farko da mai hankali ke yi a kan kowace mota.

Tsakanin LE da S masu inji ɗaya, bambancin shan mai bai taka kara ya karya ba. Tsakanin LE da XRS ne maganar take. Bisa gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla ta 2009 mai lita 1.8 tana cin kimanin lita 7.8 a kowace kilomita 100 idan aka haɗa tafiyar cikin gari da ta babbar hanya, XRS mai lita 2.4 kuma kimanin lita 9.4. A ɗauki misalin mutumin da ke yin kilomita 1,500 a wata. Ta farko za ta sha lita 118, ta biyu lita 141. Idan aka ƙaddara lita a kan naira 900, rarar lita 23 ɗin ta kama naira 20,700 a wata, kusan naira 250,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Jihar Neja ta amince da shi a 2024 naira 80,000 ne, don haka wannan rara kaɗai ta ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci. Alƙaluman kuma na sabuwar mota ne a hanyar gwaji. Tsohuwar mota mai na'urar sanyaya ɗaki a kunne, a cunkoson Kpakungu ko shatale-talen Mobil, za ta sha fiye da haka.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ingancin man kansa. Injin XRS ta 2005 da na Civic Si suna matse haɗin iska da fetur fiye da na talakan mota kafin fulogi ya kunna shi, kuma masu ƙera su sun sharɗanta a zuba musu fetur mai lambar oktan ta sama, wanda a Amurka ake sayarwa a famfo na daban da farashi na daban. A gidajen man Najeriya kuwa galibi fetur iri ɗaya ne, kuma ya fi kusa da na gama-garin Amurka. Idan aka zuba shi a injin da ke matsewa sosai, yakan kama da wuta kafin lokacinsa, a ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kwamfutar motar tana da na'urar da ke jin wannan ƙara, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi domin kare injin. Sakamakon shi ne wani ɓangare na ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi, musamman a lokacin zafi. XRS mai injin Camry ba ta da wannan sharaɗi, fetur na gama-gari ya ishe ta.

Ƙarfin waɗannan injuna ma ba a ƙasa yake ba. Injin 2ZZ-GE yana kai ƙololuwar ƙarfinsa ne a zagaye 7,600 cikin minti ɗaya, na Civic Si kuma a 7,800. Direban da ke sauya giya a zagaye 3,000, kamar yadda akasarin mutane ke yi, zai iya shekara da motar bai taɓa ɗanɗana abin da ya bambanta ta da sauran ba.

A wurin bakanike

A unguwar kanikawa ta Ƙetaren Gwari, injin 1ZZ da 2ZR kamar tafin hannu suke ga masu gyara. Ana samun kayansu sababbi da na hannu, domin injin 1ZZ ɗin ne kuma a cikin Toyota Matrix da Pontiac Vibe da suka cika hanyoyin ƙasar nan. Injin 2ZZ kuwa baƙo ne. Ƙalilan ne daga cikin Matrix da Vibe da Celica ke ɗauke da shi, kuma idan wani abu ya lalace a kansa ko a giyarsa mai hawa shida, sai an yi waya zuwa Kaduna ko kasuwar Ladipo a Legas, mota na ajiye ana jira. Ba ya kuma jure baƙin mai maras kyau ko jinkirin juye, domin da matsin baƙin man ne na'urar da ke ƙara masa ƙarfi a sama take aiki.

Injin lita 2.4 na XRS ta biyu ba ya wahalar kayan gyara, tunda shi ne a Camry da RAV4 na wancan zamani. Illarsa a wani wurin take. Kamfanin Toyota da kansa ya amince cewa wasu daga cikin waɗannan injuna suna ƙona baƙin mai saboda matsalar fistan da ringi, har ya tsawaita garanti a kansu a Amurka. Wannan garanti bai biyo motar zuwa Minna ba. Wanda ya saye ta sai ya riƙa zaro sandar awon mai duk mako.

Ana kuma la'akari da tarihin motar kafin ta hau jirgin ruwa. Mai neman motar kai yara makaranta shi ke sayen LE sabuwa a can, mai son gudu kuma shi ke sayen Si ko XRS, kuma da yawa daga motocin da ake kawowa Afirka ta Yamma daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su bayan haɗari ko ambaliya. Kulocin motar da aka shekara goma ana wasan gudu da ita ba zai yi daidai da na wadda aka lallaɓa ba.

Inda mai ƙarfin ta yi gaba

Ba a rasa inda mai ƙarfin ta fi ba. A hanyar Minna zuwa Suleja, mai tsawon kilomita 100 ko kusa da haka, wadda aikin mayar da ita tagwaye ya ɗauki shekaru masu yawa, da kuma hanyar Bida, tankoki da tireloli ne ke jan ragamar tafiya. Wuce doguwar mota a hanya mai hannu biyu yana buƙatar inji mai amsawa da sauri, kuma duk daƙiƙar da aka rage a hannun masu tahowa riba ce. A nan injin lita 2.4 ko na lita 2.0 na ƙirar 2020 yana da amfani na zahiri, musamman idan mota cike take da mutane da kaya. XRS kuma tana da birkin faifai a ƙafafu huɗu, alhali LE da S na 2003 zuwa 2013 birkin ganga ne a bayansu.

Sai dai dokar hanya ba ta san harafi ba. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ga ƙananan motoci ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Corolla mafi ƙanƙanta tana kai wannan ba tare da ta yi nishi ba. Kuma idan tsaron rai ne abin dubawa, shekarar mota ta fi harafinta muhimmanci. Daga ƙirar 2009 kowace Corolla ta Amurka tana zuwa da birkin ABS da jakunkunan iska shida. Daga ƙirar 2010 aka sanya wa dukkansu na'urar da ke hana mota juyawa idan ta zame, abin da a 2009 XRS ce kaɗai ke zuwa da shi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Daga ƙirar 2017 kuma kowane nau'i ya samu na'urar taka birki da kanta idan ta hango karo. Saboda haka kuɗin da za a ƙara domin samun S ta 2009, idan ya isa sayen LE ta 2010 ko 2011 mai lafiya, to can ya fi dacewa ya tafi.

Masu goyon bayan S suna da hujja guda mai ƙarfi, ita ce kasuwa. Matasa suna sonta, don haka ba ta daɗewa a hannun dillali idan aka tashi sayarwa. Hujjar tana tsayawa ne muddin bamba da fiffike da wili suna nan lafiya a ranar sayarwar, abin da hanyar gidan mai motar ce za ta yanke hukunci a kansa. Wanda gidansa da ofishinsa duk a kan kwalta suke, a Bosso ko Tunga, kuma ya san kwalliya yake saye, babu laifi a zaɓinsa: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, kuɗinta ɗaya ne ga duka motocin, naira 15,000 a shekara tun daga Janairun 2023. Cikakkiyar inshora ce ke bin darajar mota, domin hukumar NAICOM ta sa ƙa'idar kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar da aka yi wa motar.

Kafin a miƙa kuɗi

Tambarin S da na XRS ana sayar da su a kasuwar kayan gyara, haka ma bamba da fiffike, kuma sanannen abu ne cewa ana yi wa motoci kwaskwarima a Legas su fito da kamannin wani nau'i ko wata shekara. Abin da ba ya sauyuwa cikin sauƙi shi ne lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Harafi na goma a cikinta shi ke nuna shekarar ƙira: 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Da wannan lamba ake bincika tarihin motar a intanet, a ga ainihin nau'inta da ko ta taɓa yin haɗari, kuma ita ce ya kamata ta yi daidai da abin da ke rubuce a takardun kwastan. A cikin murfin bonet akwai wata takarda da aka manna daga masana'anta mai nuna girman injin, a ginshiƙin ƙofar direba kuma akwai wata mai nuna girman tayar da motar ta fito da ita. Idan takardar ta ce inci 15 amma motar na tsaye a kan 17, wani ne ya sauya.

Gwajin tuƙi ma bai kamata ya tsaya a kan sabuwar kwaltar da ke gaban wurin dillali ba. Mai saye ya tafi da bakanikensa, ba na dillali ba, ya sa mutum uku a kujerar baya, ya bi da motar ta layin da zai riƙa bi kullum zuwa gida, ya hau tudun rage gudu guda biyu ko uku, ya saurari abin da ƙasan motar zai faɗa masa. Idan za ta yiwu, a tayar da injin da safe yana sanyi, wani ya tsaya a bayan salansa ya duba ko hayaƙi mai launin shuɗi zai fito.